Ƙananan aibobin gida: wanne ake sa wa a rahoton dubawa, wanne ake bari

Duk wanda aka taɓa ɗauka ya duba gida kafin a biya kuɗinsa ya san cewa wahalar aikin ba wajen manyan aibobi take ba. Idan bango ya karkata, ko dekin ya lotsa, ko ruwa na kwanciya a tsakar gida har ya shiga ɗakuna, babu mai gardamar cewa dole a rubuta. Inda hankali ke rabuwa biyu shi ne wajen abubuwan da ake gyarawa da kuɗi kaɗan: famfon da ke ɗiga, tayil ɗaya da ya fashe a bakin ƙofar kicin, makunnin fitila da ya yi sako-sako, siririyar tsaga a jikin filasta, ƙyauren da ba ya rufuwa sai an ɗan ɗaga shi. Gidan da ya shekara 20 ana zaune a cikinsa, a Hotoro ne ko a Gyaɗi-Gyaɗi ta Kano, ba zai rasa irin waɗannan da yawa ba. Wanda ya zuba su duka a rahoto, kowanne da hotonsa, ya binne abu biyu ko uku masu muhimmanci a cikin tarkace, sai mai saye ya gaji da karatu tun bai iso gare su ba, ko kuma ya tsorata ya fasa sayen gidan da lafiyarsa ƙalau. Wanda kuma ya watsar da su duka da sunan ƙanana ne, yana iya samun kira a tsakiyar watan Agusta a nuna masa silin da ya rufto, a tambaye shi yadda aka yi bai ga tabon da ke wurin ba.

Abin da ke raba gardamar ba girman aibin a ido ba ne, ba kuma arahar gyaransa ba. Ana duba wanda zai iya cutarwa, da abin da yake nuni gare shi a ɓoye, da yadda zai zama idan damina biyu ta wuce ba a taɓa shi ba. Matakan da ke tafe an tsara su ne domin ƙwararrun da ke da rajista da hukumomin sana'arsu, wato injiniya mai rajista da COREN, ko magini mai rajista da CORBON, ko masanin ƙimar gidaje mai rajista da ESVARBON, amma za su amfani tsohon birkilan da ɗan'uwa ya roƙa ya je ya gano masa gida, domin a Kano shi ne ake yawan turawa.

Mataki na farko ana yin sa ne tun ba a taka ƙofar gidan ba, wato a san dalilin da ya sa ake son rahoton, domin aibi ɗaya yana iya zama dole a wannan rahoto ya zama surutu a wancan. Idan sabon gini ne ɗan kwangila zai miƙa wa mai shi, babu abin da ake kira ƙarami: duk fentin da ya zuba a kan gilashi, duk tayil ɗin da bai zauna ba, duk sakatar da ba ta shiga raminta, sai an lissafa, saboda mai gida sabon abu ya biya, kuma a yawancin kwangiloli ana riƙe wani kaso na kuɗin, sau da yawa kashi 5 cikin 100, har sai an gyara irin waɗannan. Idan haya za a shiga, nan ma ƙananan abubuwan su ne kan gaba, domin a kansu ake rigima ranar tashi, mai gida ya ce ɗan haya ne ya fasa, ɗan haya ya rantse haka ya tarar. Idan kuwa ƙiyasta gida za a yi saboda rabon gado, abin da bai rage ƙimar gidan ba bai da wurin zama a takardar. Matsalar da muke magana a kai ta fi tasowa ne wajen sayen tsohon gida, inda mai saye ke son ya san abin da zai shiga kafin ya kai ga biya. Sai a zauna da shi a rubuta yarjejeniya ko da ta rabin shafi ce: dubawar ido ce ba tare da fasa bango ko ɗaga tayil ba, za a bayyana duk abin da ya shafi lafiyar mutane da ƙarfin gini da kashe kuɗi mai yawa, ƙananan abubuwa na kwalliya kuma za a ambace su a dunƙule. A tambaye shi kuma su waye za su zauna a gidan, da ko yana da niyyar yi masa kwaskwarima kafin tarewa. Wanda zai canza tayil ɗin gidan gaba ɗaya ba ya bukatar a ƙirga masa guda nawa suka fashe.

Mataki na biyu shi ne zagayen kansa, kuma ƙa'idarsa ɗaya ce: a cikin gida ba a tacewa. Duk abin da ido ya gani a rubuta shi a littafin aljihu a ɗauki hotonsa, tare da sunan ɗakin da ɓangaren da yake, gabas ko yamma. Ana yanke hukuncin abin da zai shiga rahoto ne bayan an koma an baje bayanan duka, saboda sau da yawa ma'anar ƙaramin abu ba ta fitowa sai an haɗa shi da wani da aka gani a can wani ɗaki. Kayan aikin ba su da yawa: tocila mai haske, tef na awo, ƙaramar rula mai milimita, lebur, testa, sukudireba, tsani, da fensir. A fara daga waje, a zagaye katanga da jikin gini, a dubi inda ruwan sama ke bi ya fita zuwa kwata, a hau sama a ga rufi, sannan a shiga ɗakuna ɗaya bayan ɗaya. A rubuta ranar da aka je da yanayin gari. Wannan ba ƙawa ba ce a Kano, inda ruwan shekara ke sauka tsakanin Yuni da Satumba, ya fi ƙarfi a Agusta, sauran watannin kuma gari ya bushe ƙayau. Gidan da aka duba a watan Maris ya yi wata biyar ko shida bai ga ruwa ba, don haka rufin da ke yoyo ba zai nuna komai ba sai ɗan tabo. Idan kuma aka tarar an yi sabon fenti a bango ɗaya tak, ko a ƙasan bango kawai, wannan ma abin rubutawa ne, ba don zargin mai gida ba, sai don fentin ya rufe abin da ya kamata a gani.

Mataki na uku shi ne zuciyar aikin: a ɗauki abubuwan da aka rubuta ɗaya bayan ɗaya a yi wa kowanne tambayoyi, kuma tambayar farko ita ce ko zai iya raunata mutum ko ya kashe shi. Idan amsar eh ce, an gama magana, ya shiga sahun gaba ko da gyaransa bai kai kuɗin buhun siminti ba. Soket ɗin da ya yi baƙi a gefen ramukansa alama ce ta zafi, kuma wutar gidajenmu mai ƙarfin bolt 230 ce. Haka wayar da aka haɗa da salatif aka bari a saman silin, da hitar banɗaki ko injin jan ruwa da ba a haɗa musu wayar atin ba, wato wayar da ke kai wutar da ta ɓalle cikin ƙasa, da akwatin rarraba wuta da aka ɗaure fis ɗinsa da zaren waya, da rashin na'urar da ke katse wuta da kanta idan ta fara bi ta jikin mutum, wadda ake so ta yanke a miliamfiya 30. A duba yadda aka haɗa janareta ko inbata da layin KEDCO, domin idan babu makunnin canjin layi na ƙwarai wuta na iya komawa kan layin waje ta kama ma'aikaci, a kuma duba inda ake ajiye janaretan, saboda hayaƙinsa kusa da tagar ɗakin kwana yana kisa cikin barci. A wannan sahu ne kuma ake sa murfin sokawe da ya tsage, da rijiyar da ba ta da murfi mai makulli, da ƙarafan barandar bene da tazararsu ta wuce santimita 10 har kan yaro zai iya shiga, da matakala ɗaya da ta fi 'yan'uwanta tsawo, da ɗakunan kwana da aka datse duk tagoginsu da ƙarfe ba a bar ko ɗaya mai buɗewa ba idan gobara ta tashi. Tsofaffin gidaje da dama suna da silin asbesto, wanda ba ya cutarwa muddin yana zaune lafiya, amma ƙurarsa na illa ga huhu idan ya fashe ko aka zo cire shi da guduma, don haka fashewar faranti ɗaya ma ta isa a ambata. Nisan sokawe daga rijiya ko burtsatse shi ma a auna shi. Ma'aikatan lafiya sun fi ambatar mita 30, alhali fulotin ƙafa 50 a 100 tsawonsa gaba ɗaya bai fi kimanin mita 30 ɗin ba, saboda haka a yawancin gidaje abin da ya dace shi ne a rubuta tazarar da aka samu a ba da shawarar gwada ruwan kafin a sha.

Tambaya ta biyu ta fi wuya, kuma a nan ne ake gane wanda ya san aikinsa: shin wannan abu shi kaɗai ne, ko kuwa alamar wani ne da ba a gani? Tsaga ce misali mafi yawa. Cibiyar binciken gine-gine ta Birtaniya, BRE, ta kasa tsagar bango gida shida bisa faɗinta, kuma injiniyoyi a ƙasashe da yawa na amfani da wannan ma'auni. Wadda ba ta wuce milimita 5 ba ana ɗaukarta ta kwalliya, daga 5 zuwa 25 ta fara taɓa amfanin gini, ƙofofi su cije, ruwa ya shiga, bututu ya karye, wadda ta haura 25 kuma magana ce ta tsayuwar ginin kansa. Sai dai faɗi kaɗai ba ya wadatarwa. Siraran tsagu da suka bazu a fuskar filasta ba tare da wata alƙibla ba yawanci daga bushewar siminti ne, musamman idan an yi shafen a lokacin hunturu ko tsananin zafi ba a ba shi ruwa sosai ba, kuma wurinsu jimla ɗaya ce a rahoto. Amma tsagar milimita 2 da ta taso daga kusurwar taga ta yi gicciye, tana bin layin bulo hawa-hawa, ta fi faɗi a sama, aka kuma zagaya waje aka tarar da ita a daidai wurin, wannan ta ratsa bangon ne, kuma tana iya nufin harsashi na motsi. Idan aka koma littafin aljihu aka ga cewa ƙofar da ke cijewa a wannan ɓangaren take, kuma tayil ɗin da suka fashe a layi ɗaya suke suna nufar wannan kusurwa, to abubuwa uku da kowannensu ƙarami ne sun haɗu sun zama babba ɗaya. A irin wannan hali a tambayi maƙwabta tarihin filin. Kano gari ne mai kududdufai, an cike da yawa daga cikinsu da shara da ɓaraguzai an yi gini a kai, kuma tsofaffin unguwa sun san wurarensu ko da takardar fili ba ta faɗa ba. A sa alamar fensir a ƙarshen tsagar tare da kwanan wata, a rubuta faɗinta, a ba da shawarar injiniyan gini ya duba kafin a biya.

Danshi ma haka yake. A ɗauki misalin ɗakin kwana da aka tarar da tabo ruwan ƙasa a kusurwar silin, faɗinsa bai wuce tafin hannu ba, ya bushe, gefensa ya yi zobe biyu ko uku. Zoben nan na nufin ruwa ya sha zuwa yana bushewa, ba sau ɗaya ba. A kafa tsani a leƙa. Sababbin gidaje da dama an ɓoye kwanonsu a bayan katangar sama, ruwa na taruwa a kwatar kankare ya fita ta indararo, kuma ƙurar hunturu da ganyen darbejiya da leda na toshe bakin indararon, ruwa ya taru ya koma ƙarƙashin kwano. Idan toshewa ce kawai, shara da ɗan gyara sun wadatar, amma duk da haka sai an rubuta, domin idan aka bari katakon rufi ne zai ruɓe. Idan kuwa aka tarar kwatar kanta ta tsage, ko aka ga tsatsa na tsattsafowa daga ƙarƙashin dekin, to ruwa ya kai ga rodi, kuma rodi idan ya yi tsatsa kumbura yake yi ya fasa kankaren da ke rufe da shi. Fentin da ke kumbura yana zuba a ƙasan bango, tare da wani farin gari mai gishiri-gishiri, alama ce ta danshi na hawowa daga ƙasa. A fita waje a auna: ana so daɓen gida ya ɗara ƙasar waje da aƙalla santimita 15, amma a unguwanni da dama an yi ta cike titi har ya fi tsakar gida tudu. Sake fenti ba ya magance wannan, don haka kiran sa matsalar fenti a rahoto yaudarar mai saye ce ko da ba da gangan aka yi ba.

Gara ba ta da ƙarami. Siririn layin ƙasa da ya hau bango zuwa silin, ko gindin ƙyauren da sukudireba ta shige cikinsa ba wuya, ya isa a hau a ƙwanƙwasa katakon rufi. A gidajen ƙasa na cikin birni, a Dala ko Gwale, ma'aunin ma gaba ɗaya canzawa yake yi. Filastar da ta ɓare a ginin bulo kwalliya ce ta tafi, amma yaɓen da ya zube a ginin tubali garkuwar bangon ce ta tafi, kuma indararo ɗaya da ya karye yana zubar da ruwa a jikin bango na iya kawo ginin ƙasa a damina ɗaya. Azarar da gara ta ci a soro ita ce ke riƙe da nauyin ƙasar da ke kan mutane.

Tambaya ta uku gajeriya ce: idan aka bar shi, zai tsaya yadda yake ko zai girma? Karce a jikin ƙofa zai shekara goma bai canza ba. Bututun da ke ɗiga a cikin bangon banɗaki kuwa kullum ƙara jiƙa bulo yake yi.

Ta huɗu ita ce yawa. Tayil ɗaya da aka ƙwanƙwasa da kan makulli ya yi ƙarar fanko ba abin damuwa ba ne, amma idan rabin falon haka yake to aikin shimfiɗar ne bai yi ba, kuma sabunta shi kuɗi ne na gaske. Soket ɗaya maras aiki gyaran mai wayarin ne na 'yan mintuna, amma takwas a cikin goma sha biyu na nufin a binciki wayarin ɗin gidan baki ɗaya. A nan ba a jera su ɗaya-ɗaya, ana haɗa su ne su zama batu guda mai adadi. Akwai kuma wata fa'ida da ake mantawa: tarin ƙananan gyare-gyaren da aka yi sakaci da su yana nuna yadda aka riƙe gidan, kuma mai saye na da haƙƙin jin ra'ayin mai dubawa a kan haka a cikin jimla biyu ko uku. Daga nan sai a waiwayi abin da aka tambaya tun farko game da masu zama. Dakalin da ke bakin banɗaki ba komai ba ne ga matashi, amma ga gidan da za a kawo tsohuwa mai ciwon gwiwa abin ambato ne.

Abin da ya tsallake duk waɗannan tambayoyi, bai da haɗari, bai nuna komai ba, ba ya girma, ba shi da yawa, shi ne ƙaramin aibi na gaskiya, kuma mataki na huɗu shi ne samar masa wurin da ya dace da shi. Ra'ayina shi ne kada a jefar da shi, kada kuma a ba shi kujerar manya. Wannan rarrabewa ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Malaman Malikiyya sun daɗe da kasa aibin gida kashi uku: ɗan kaɗan da ba ya rage kuɗin gida, wanda ba a mayar da ciniki saboda shi ba a kuma biyan komai, matsakaici, kamar tsagar bangon da ba a jin tsoron rushewar gida saboda ita, wanda mai saye ke da haƙƙin a rage masa gwargwadon ƙimarsa, da mai yawa, wanda ake iya mayar da gidan saboda shi, ko da yake sun saɓa a kan iyakarsa, wasu suka ce sulusin kuɗin. A fiƙihu kuma aibin da mai saye ya gani ya yarda da shi kafin ciniki ba ya dawowa ya yi ƙara a kansa, haka a dokar da aka gada daga Ingila nauyin bincikar lafiyar gini na wuyan mai saye ne. Ke nan abin da aka rubuta da abin da aka bari duka suna da tasiri a kan haƙƙin mutum. A ƙasashen da aikin ya zama sana'a mai zaman kanta ma kusan hanyar ke nan. Ƙungiyar RICS ta masu duba gine-gine a Birtaniya na ba kowane ɓangaren gida lamba 1 ko 2 ko 3, kore da ruwan ɗorawa da ja, daga wanda ba ya bukatar gyara yanzu zuwa mai bukatar gaggawa. Ma'aunin duba gidaje na Ostireliya na shekarar 2007 ya wajabta bayyana manyan aibobi da abubuwan haɗari, ƙanana kuma ya nemi a ba da bayanin yawansu a dunƙule.

Saboda haka shafin farko na rahoto ya ɗauki abubuwan haɗari da manyan aibobi kawai, waɗanda mai saye zai karanta a tsaye ya san matsayinsa. Bayansu sai waɗanda ke bukatar gyara kafin damina mai zuwa ko bincike na gaba, kowanne da hotonsa da wurinsa. A ƙarshe sai sakin layi ɗaya ko gajeren jadawali na gyare-gyaren yau da kullum, ba tare da hoto ga kowanne ba: fenti ya koɗe a ɗakuna kaza, hannun ƙofa biyu sun saki, gilashin taga ɗaya ya tsage, ragar sauro ta yage a tagogin baya. A rufe shi da bayanin cewa irin wannan lalacewa daidai take da shekarun gidan, idan haka ne, kuma lissafin misali ne ba ƙidaya ba. Abin da ya shafi son rai, kamar launin fenti ko tsohon yayin tayil, ba aibi ba ne, ba ya shiga ko'ina.

Mataki na biyar shi ne lafazi, domin kalma ɗaya na iya mayar da ƙarami babba. Kowane batu ya ƙunshi abin da aka gani, da inda yake, da abin da yake iya haifarwa, da wanda ya kamata a kira, fulamba ne ko kafinta ko injiniya. Maimakon a rubuta cewa rufi ya lalace, sai a rubuta cewa akwai busasshen tabon ruwa mai faɗin santimita 15 a kusurwar arewa maso gabas ta silin ɗakin uwargida, an tarar da bakin indararon da ke samansa a toshe, ana ba da shawarar a share a sake dubawa bayan ruwan farko. A raba abin da aka gani da abin da ake zato, a ce ana zaton kaza idan zato ne. A kuma rubuta wuraren da ba a samu shiga ba da dalili: ɗakin da aka kulle, bangon da kabad ta rufe, famfunan da ba a gwada ba saboda babu ruwa a tanki, soket ɗin da ba a gwada ba saboda an ɗauke wuta. A gidajen da iyali ke ciki sau da yawa ba a barin baƙo ya shiga ɗakunan mata sai an shirya, don haka gara a nemi izini tun kafin ranar, idan kuma bai samu ba a faɗa a takarda ƙarara.

Saura matsin lamba, wanda ke zuwa ta ɓangare biyu. Dillali, wanda la'adarsa ke rataye da faɗuwar ciniki, yakan ja mutum gefe ya ce, "Injiniya, wannan ai ba sai an rubuta ba, fenti ne kawai, kuma Alhaji ya riga ya ba da kafin alƙalami." Amsar da ta fi sauƙi ita ce, "Malam, zan rubuta abin da na gani, in kuma rubuta cewa ƙarami ne. In dai ƙaramin ne ba zai hana ciniki ba." Shi kuma mai saye wani lokaci yakan so a kumbura lissafin don ya samu abin neman ragi, ya ce a sa komai da komai a kuma tsananta harshe. Wannan ma ba a biye masa, saboda algus ne a kan mai sayarwa, kuma rahoton da aka cusa wa abubuwa arba'in marasa nauyi yana ba mai gida damar ya yi watsi da shi duka, har da ukun da suke na gaskiya. Idan ana son rahoton ya yi amfani wajen ciniki, a nemo ƙiyasin gyaran manyan abubuwan daga masu sana'ar a rubuce, da kwanan wata a jiki tunda farashin siminti da rodi ba ya zama wuri ɗaya, a tattauna a kan wannan.

Bayan an miƙa rahoton, a zauna da mai saye a bi shafin farko tare da shi baki da baki, domin da yawa ba sa wuce nan, a kuma tabbata ya fahimci bambancin abin da zai hana tarewa da abin da zai jira. Littafin aljihu da duk hotunan, har da na abubuwan da ba su shiga rahoto ba, a adana su da kwanan watansu, saboda su ne shaida idan magana ta taso daga baya. Idan a rani aka yi dubawar kuma akwai tabon ruwa ko tsagar da aka sa wa alama, a rubuta a yarjejeniyar cewa za a koma bayan an yi ruwa mai ƙarfi sau biyu ko uku, a sake hawa rufin, a kuma sake ɗora rula a kan tsagar a gwada da awon farko.